CUTUTTUKAN KWAMFUTA MASU LALATA SASHEN TASHI, DA YADDA AKE GYARA ƁARNARSU



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar wata irin cuta da ke kama kwamfuta a daidai wurin da take fara tashi idan an kunna ta. Kamar yadda kowa ya sani, lissafin albashi, da sakamakon jarrabawa, da takardun fili, da littafin bashi na ɗan kasuwa, yawancinsu yanzu a cikin kwamfuta suke. Ranar da aka kunna ta ta ƙi tashi, mutane da dama sukan ɗauka komai ya halaka, su ba mai gyara izini ya goge faifan ya zuba sabon abu. Alhali kuwa sau da yawa takardun suna nan lafiya lau, ƙofar shiga ce kaɗai ta lalace. Wannan hasara ita ce nake so mu koyi yadda za mu guje mata.

MENE NE SASHEN TASHI?

Faifan da kwamfuta take ajiye abubuwa a kai a yanke yake zuwa ƙananan sassa, kuma bisa al'ada kowane sashe yana ɗaukar bayit 512, watau gwargwadon haruffa 512. Sashe na farko a kan faifan shi ne muke kira sashen tashi. Idan ana maganar babban faifan cikin kwamfuta, masana suna taƙaita sunan wannan sashe da haruffan MBR, kuma tun shekarar 1983 aka fara amfani da wannan tsari a kwamfutocin IBM da masu kama da su.

A cikin wannan ɗan wuri akwai abubuwa uku. Bayit 446 na farko umarni ne da ke nuna wa kwamfuta inda za ta sami babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows. Bayit 64 na biye su ne jadawalin rabon faifai, wanda ke faɗin inda kowane yanki ya fara da inda ya ƙare, kamar dai takardar awon filaye a ofishin ƙasa. Bayit 2 na ƙarshe kuwa hatimi ne da ke shaida cewa ana iya tashi daga wannan faifai. Ban da wannan, kowane yanki na faifan yana da nasa ƙaramin sashen tashi a farkonsa.

Da zarar an danna makunni, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin kwamfutar tun daga masana'anta, wadda ake kira BIOS, sai ta karanta sashen tashi, ta miƙa masa ragama. A tsohon tsari ba ta bincika ko umarnin da ke ciki na gaskiya ne ko na maƙetaci, hatimin nan kawai take dubawa. To, ga inda baraka take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya iya sa nasa umarni a wannan sashe, shi ne zai fara magana kafin Windows ta farka, kafin kuma manhajar riga-kafi ta buɗe ido.

YADDA CUTAR TAKE AIKI

Lalle ne mu gane cewa cutar kwamfuta ba ƙwaya ce mai rai ba. Umarni ne da wani mutum ya zauna ya rubuta, ya tsara shi don ya riƙa kwafin kansa daga wuri zuwa wuri. Mai kama sashen tashi takan ɗauke umarnin asali ta ɓoye shi a wani gefe na faifai, ta zauna a gurbinsa. Idan an kunna kwamfuta sai ita ta fara tashi, ta sami wuri ta laɓe a ƙwaƙwalwar na'urar, sa'an nan ta kira umarnin asali ya ci gaba da aikinsa. Mai kwamfuta ba zai ga wani canji ba.

A zamanin ƙaramin faifai da ake kira filofi, babbar hanyar yaɗuwarta ɗaya ce. Mutum ya manta da faifai mai cuta a cikin kwamfuta ya kashe ta, gobe ya kunna. Kwamfutar za ta fara gwada tashi daga filofin, kuma ko da babu babbar manhaja a kansa, cutar ta riga ta tsallaka babban faifai. Daga ranar, duk filofin da aka sa wanda ba a kulle shi daga rubutu ba, ya kamu.

TAƘAITACCEN TARIHI

A wajejen shekarar 1982 wani ɗan makaranta mai shekara 15 a Amurka, Richard Skrenta, ya rubuta Elk Cloner don tsokanar abokansa. Ta yaɗu ta filofi a kwamfutocin Apple II. A watan Janairu na 1986 kuwa aka sami ta farko a kwamfutoci irin na IBM, mai suna Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Faruk Albi, suka rubuta a birnin Lahor na ƙasar Pakistan. Har sunansu da adireshinsu suka sa a ciki. Brain ta zo da wata dabara da na bayanta suka gada: idan ka nemi duba sashen tashi, sai ta nuna maka na asalin da ta ɓoye, ka ga kamar lafiya ƙalau.

A 1987 Stoned ta ɓulla a ƙasar Niyu Zilan, ta bazu duniya. A 1988 aka gano Ping-Pong a birnin Turin na Italiya, wadda ke sa wani ɗigo ya yi ta tsalle a fuskar kwamfuta kamar ƙwallo. Waɗannan yawanci damuwa suke kawowa fiye da ɓarna. Amma Michelangelo, wadda aka gano a Ostareliya a 1991, an tsara ta ne ta yi shiru har ranar 6 ga Maris, sa'an nan ta rubuta shirme a kan sassan farko na faifai. A 1992 jaridun duniya sun tsorata jama'a da cewa kwamfutoci miliyoyi za su halaka. Da ranar ta zo, dubbai ne aka ba da rahoton sun lalace. Tsoron ya fi ɓarnar, amma wanda abin ya shafa ya rasa aikinsa.

Akwai guda biyu da nake so ku riƙe sunansu, domin za mu koma kansu a maganar gyara. Monkey, ta farkon shekarun 1990, takan rikita jadawalin rabon faifai ta ɓoye shi, ta yadda ba a iya ganin faifan sai ta hanyarta. One Half kuwa, ta 1994, a duk lokacin da aka kunna kwamfuta takan rikita rubutun wani yanki na faifan, ta riƙe mabuɗin a wurinta.

Da filofi ya daina yayi, wasu sun ɗauka an rabu da wannan matsala. Ba a rabu ba. A 2007 an sayar da sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka a Jamus da Danmak ɗauke da wata jikanyar Stoned mai suna Angelina. Daga wannan lokaci kuma abin ya tashi daga hannun yara masu wasa ya koma hannun ɓarayi. Mebroot, wadda ta bayyana a ƙarshen 2007, tana taimakawa wajen satar lambobin sirri na banki. TDL-4 kuwa, bisa rahoton kamfanin Kaspersky, ta kama kwamfutoci sama da miliyan 4 da rabi a watanni uku na farkon 2011.

Bayan ɓarayi sai masu neman ɓarna da gangan. A watan Agusta na 2012 Shamoon ta goge fayiloli da sashen tashi na kwamfutoci kimanin 30,000 na kamfanin mai na Saudi Aramco. A 2016 Petya ta zo tana maye gurbin sashen tashi, ta kulle babban jadawalin fayiloli, ta nemi kuɗin fansa. Ranar 27 ga Yuni, 2017, wata mai kama da ita da aka laƙaba wa NotPetya ta fara daga Yukiren ta cikin wata manhajar lissafin haraji, ta tsallaka ƙasashe, ta tsayar da aikin babban kamfanin jiragen ruwa na Maersk. An ƙiyasta hasarar duniya da kimanin dala biliyan 10. Ita wannan ko an biya fansa ba a samun komai, domin ba a gina ta da hanyar buɗewa ba.

INA AKA KWANA YANZU?

Kwamfutocin zamani sun canza tsari. UEFI ta maye gurbin BIOS, sabon jadawalin rabo mai suna GPT ya maye gurbin na da, kuma yana ajiye kwafin kansa a ƙarshen faifai. Umarnin tashi ya koma cikin fayiloli a wani keɓaɓɓen yanki. Tun zuwan Windows 8 a 2012 aka yaɗa wani tsari mai suna Secure Boot, wanda ke duba sa hannun kowace manhajar tashi kafin ya bar ta ta yi aiki, kamar mai gadi da ke neman takardar shaida a bakin ƙofa. Windows 11 ta 2021 ba ta yarda da kwamfutar da ba ta iya wannan tsari.

Wannan ya rage haɗari ƙwarai, amma bai kawar da shi ba. A 2018 kamfanin ESET ya ba da labarin LoJax, wadda ke shiga cikin UEFI ɗin kanta, ta yadda ko an canza faifai tana nan. A 2023 aka tabbatar BlackLotus tana iya zagaye Secure Boot, har Microsoft ya fitar da gyara a watan Mayu na shekarar.

A nan ƙasarmu kuwa akwai dalilai da suka sa maganar ta shafe mu kai tsaye. Ofisoshi da shagunan buga takardu da yawa suna aiki da tsofaffin kwamfutoci na hannu, masu tsohon tsari. Wasu suna kan Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun Janairu 2020, kuma kulawar yau da kullum ga Windows 10 ita ma ta ƙare a Oktoba 2025. Sau da yawa masu gyara sukan kashe Secure Boot don su zuba manhajar sata. Ku sani kuma cewa a yau sa filash a jikin kwamfuta kawai ba ya tayar da sashen tashinsa, sai in kwamfutar ta tashi daga gare shi. Hanyar da ta fi yawa ita ce mutum da hannunsa ya buɗe fayil da aka aiko masa, ko manhajar sata, ya kuma ba ta cikakken iko.

ALAMOMI

Idan sashen tashi ya lalace, kwamfuta takan kunna ta nuna sunan kamfanin da ya ƙera ta, sa'an nan ta tsaya a baƙin allo. Wani lokaci takan rubuta da Turanci "Missing operating system", watau ba ta ga babbar manhaja ba, ko "Invalid partition table", watau jadawalin rabo ba daidai yake ba. Wani lokaci ta yi ta kashe kanta tana kunnawa, ko ta fito da saƙon neman kuɗi.

Amma a nan sai a yi hattara. Ba duk ƙin tashi ne cuta ba. Ɗaukewar wuta yayin da kwamfuta take rubutu, da faifai da ya tsufa, da wayar ciki da ta saki, da filash da aka manta a jiki, duk suna kawo irin wannan alama. Haka nan cutar da ta fi haɗari ita ce wadda ba ta nuna alama ko ɗaya, domin ɓarawo ba ya so mai gida ya farka.

YADDA AKE GYARA

Na farko, a dakata. Kada a goge komai, kada a yarda da maganar "mu zuba sabuwar Windows" tun ba a bincika ba. A cire wayar intanet, a raba kwamfutar da sauran na ofis, a cire duk filash da ke jikinta, a duba tsarin BIOS ko UEFI a tabbatar babban faifai ne aka sa ta tashi daga gare shi. Wani lokaci a nan matsalar take ƙarewa.

Na biyu, a tayar da kwamfutar daga wuri mai tsabta, watau filash ko faifan ceto da aka shirya a wata kwamfuta mai lafiya. Dalili shi ne idan an tashi daga faifai mai cuta, cutar tana farke, kuma za ta iya yi wa mai bincike ƙarya kamar yadda Brain ta yi, ko ta sake komawa bayan an share ta.

Na uku, kafin a taɓa komai, a kwashe muhimman fayiloli zuwa wani faifai dabam. In da hali, a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya. Idan faifan yana ƙara ko yana tsayawa, to ciwon na ƙarfe ne, kuma kowane kunnawa yana ƙara masa rauni.

Na huɗu, a binciki faifan da manhajar riga-kafi da ke aiki daga wajen Windows, kamar Microsoft Defender Offline ko faifan ceto na wani sanannen kamfani, don a san sunan cutar. Sanin sunan yana da muhimmanci. Idan irin Monkey ce ko One Half, wanda ya yi gaggawar rubuta sabon sashen tashi ya jefar da mabuɗin ɗakinsa da hannunsa. Garin gyaran gira sai a rasa ido. Irin waɗannan sai an fara warware rikicin da suka yi kafin a cire su.

Na biyar, a maido da umarnin tashi. A kwamfuta mai Windows ta tsohon tsari, a tashi daga filash ɗin zuba Windows, a zaɓi gyara maimakon zubawa, a fara gwada gyaran tashi da na'urar ke yi da kanta. In bai yi ba, a buɗe baƙar tagar umarni a rubuta bootrec /fixmbr. Wannan yana sabunta umarnin sashe na farko ba tare da taɓa jadawalin rabo ba. Sa'an nan bootrec /fixboot, wanda ke sabunta sashen tashi na yankin Windows, sai bootrec /rebuildbcd, wanda ke sake gina jerin manhajojin da za a iya tashi da su. A zamanin DOS, FDISK /MBR ne yake yin aikin na farkon. A kwamfuta mai UEFI kuwa gyaran sashe na farko ba shi da amfani, abin da ake yi shi ne a sake rubuta fayilolin tashi da umarnin bcdboot. Masu Linux su kuma sai su sake kafa GRUB. Wanda yake da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ya sani bootrec /fixmbr zai shafe GRUB ɗinsa.

Na shida, idan jadawalin rabo ne ya lalace har yankunan faifai suka ɓace, kada a ƙirƙiri sababbi a kansu. Akwai manhaja ta kyauta mai suna TestDisk da ke bin faifai tana neman iyakokin da suka ɓata. Tsarin NTFS na Windows kuma yana ajiye kwafin sashen tashi a ƙarshen yankin, ana iya maido da shi daga can. Idan an kulle faifan da BitLocker, sai an nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 kafin a fara.

Na bakwai, bayan kwamfuta ta tashi, a sake bincika ta duka, tare da kowane filash da ya taɓa shiga cikinta, a kuma canza lambobin sirri na banki da na wasiƙa daga wata na'ura mai lafiya. Idan cutar ta zamani ce mai satar bayanai, abin da ya fi aminci shi ne a share faifan ɗungurungum a zuba sabuwar manhaja. Ku lura, goge yankin C kaɗai ba ya kashe cutar da ke sashe na farko, domin sashen yana waje da yankin. Wadda ta shiga UEFI kuwa sai an sabunta manhajar jikin kwamfutar daga kamfanin da ya ƙera ta, kuma wannan aikin gwani ne.

Game da kuɗin fansa, shawara ita ce kada a biya. Babu tabbacin za a buɗe, kuma kuɗin yana ƙara wa masu laifi ƙarfi.

RIGA-KAFI

Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani. A riƙa ajiye kwafin muhimman takardu a faifai dabam da ba ya zama a jone da kwamfuta, domin wanda yake jone tare suke kamuwa. A riƙa gwada kwafin lokaci lokaci a ga yana buɗewa. A bar Secure Boot a kunne. A sa babban faifai ya zama farkon wurin tashi, a kuma sa lambar sirri a tsarin BIOS ko UEFI don kada kowa ya canza shi. A karɓi gyare-gyaren da kamfani ke aikowa a kan kari. A guji manhajar sata, domin araha ba ta ado. Kada a yi aikin yau da kullum da asusun mai cikakken iko, tun da cuta ba ta iya rubutu a sashen tashi sai da wannan iko. A shirya filash na ceto tun kwamfuta tana lafiya, a ajiye shi a aljihun tebur. Inda wuta ba ta da tabbas, a sa na'urar riƙe wuta don a sami damar kashe kwamfuta yadda ya kamata.

Wanda zai kai kwamfuta gyara kuwa, ya yi wa mai gyaran tambaya uku kafin ya bar shagon: shin za ka kwashe fayilolina tukuna? Ka gano abin da ya same ta? Za ka iya gyara tashin ba tare da goge faifan ba? Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Har wa yau, ya kamata kowa ya sani cewa dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta mai da yaɗa cutar kwamfuta da gangan laifi, mai hukuncin ɗauri ko tara. Ofisoshi da kamfanonin da aka kai wa hari suna iya kai rahoto ga ngCERT, watau rukunin ƙasa mai kula da gaggawar kwamfuta, wanda ke ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Kai rahoto da wuri yana ceton maƙwabta.

KAMMALAWA

Jama'a, abin da nake roƙo ku tafi da shi gida abu uku ne. Ƙin tashin kwamfuta ba ya nufin takardunku sun halaka. Ba a gyara daga cikin faifai mai cuta, kuma ba a gyara kafin a kwashe kaya. Wanda ya ajiye kwafi a gefe, ko cutar ta ci sashen tashi, hasararsa ta yini guda ce. Ina fatan shugabannin ofisoshi da makarantu za su sa wani ma'aikaci ya duba kwamfutocinsu cikin wannan mako, ya shirya kwafin ajiya da filash na ceto, tun ranar buƙata ba ta zo ba.